Abin da Sanyin Dare Ke Yi wa Inabi a Tsaunukan Ajantina

A arewa maso yammacin Ajantina, cikin lardin Salta, akwai garin Cafayate, wanda ke kwarin Calchaquí, kimanin mita 1,700 sama da teku. Ruwan sama bai cika wuce milimita 250 a shekara ba, ƙasar kuma yashi ce da tsakuwa. Duk da haka, gonakin inabi sun mamaye kwarin, ana shayar da su ta hanyar ban ruwa. Amfanin gonar da garin ya yi suna a kansa shi ne Torrontés, farin inabin da ake matsewa a yi farar giya mai ƙamshin fure da ɗan tsami. Musulmi ba ya shan giya, wannan a fili yake. Amma ilimin noman da ke bayan wannan inabi ya cancanci kowane manomi ya tsaya ya duba.

Me ya sa manoma suka haura can sama? Sanyin dare suke nema. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Da rana, hasken tsauni mai ƙarfi yana sa ganye ya haɗa sukari ya tura wa 'ya'yan. To, amma ɗan inabi abu ne mai rai, yana numfashi, kuma a cikin zafi yakan ƙone wani sinadarin tsami da ke jikinsa, wanda masana ke kira malik. Idan dare ma ya yi zafi, ƙonewar ba ta tsayawa; inabin zai nuna da zaƙi, sai dai salam, babu armashi. A Cafayate kuwa, rana na faɗuwa busasshiyar iskar tsauni ke sakin zafinta, sanyi ya sauko, numfashin ya lafa. Sukari ya taru, tsami bai gudu ba, ƙamshi ma ya zauna. A ganina, duk sauran dabarun masu sana'ar suna biyo bayan wannan ne.

Tsauni yana da nasa sharrin. Hasken rana a can yana iya ƙona fatar farin inabi, shi ya sa manoma da yawa ke ɗora kurangar a kan rumfa, ganye a sama, nonnan inabi na rataye a inuwa. Ƙanƙara da jaura ma kan yi ɓarna.

Shi kansa Torrontés ɗan ƙasa ne. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna barbara ce tsakanin Muscat na Iskandariyya da Criolla Chica, irin da Sifaniyawa suka shigo da shi Kudancin Amurka tun ƙarni na 16. A kwarin Calchaquí ne kuma gidan matsar inabi na Colomé, wanda aka kafa a 1831, yake da gona a tsayin mita 3,111.

Wanda ya san dalilin da ya sa dankalin Turawa ke yi a Jos, shayi kuma a Mambila, ya riga ya fahimci rabin zancen. Yanzu da duniya ke ƙara ɗumama, masu noman inabi a ƙasashe da dama sun fara neman filaye a kan tuddai, domin daren da ke ƙasa ya daina yin sanyin da inabinsu ke buƙata.