Kalmar Murther: Asalinta da Sauye-sauyen Ma'anarta a Turanci

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu bi sawun tsohuwar kalmar Turanci murther, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama murder, domin mu ga yadda shari'a kan sarrafa ma'anar kalma.

Asalin Kalmar

A tsohon Turanci, watau kafin shekarar 1066, ana kiran ta morthor. Tushenta ɗaya da Mord ta Jamusanci da mors ta Latin, mai nufin mutuwa. Amma ba kowane kisa ake kira haka ba. A al'adar ƙabilun Jamus na da, wanda ya kashe mutum a fili, ya kuma amsa laifinsa, yana iya biyan diyya ga dangin mamaci. Wanda kuwa ya yi kisa a ɓoye, shi ne ya aikata morthor. Wannan ya yi kusa da abin da mu Hausawa ke kira kisan gilla.

Shigar Shari'a

Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila a 1066, sai aka riƙa tsintar gawawwakin Nomawansa a ɓoye. Saboda haka aka ɗora tara mai nauyi a kan duk gundumar da aka sami gawa ba a kama mai kisan ba, sai fa in an tabbatar mamacin Ba'ingile ne. Sunan wannan tara murdrum. An soke ta a 1340, zamanin Sarki Edward na Uku. Sannu a hankali ma'anar kalmar ta tashi daga kisan ɓoye ta koma kisan da aka ƙudurta da gangan.

Sauyin Furuci

Masana na ganin siffofin Faransanci da Latin na kotu, murdre da murdrum, sun taimaka wajen mayar da th ta zama d, kamar yadda burthen ta zama burden. Siffofin biyu sun daɗe tare, har ma ana samun murther a bugun wasannin Shakespeare na 1623.

Kammalawa

Darasin a nan na masu fassara ne. Wanda ya ci karo da kalmar a tsohon rubutu, lalle ya fara tantance zamaninsa, don kada ya ɗora wa mutanen da hukuncin da ba nasu ba.