Suyar Kaza Irin Ta Sinawa: Yadda Kaza Ɗaya Za Ta Ishi Gida

A garuruwan Ingila da Amurka akwai ƙananan shaguna na mutanen ƙasar Sin inda a kan soya abinci nan take, a ƙunshe wa mutum ya tafi da shi gida. Sinawa sun fara shiga Amurka da yawa wajen 1850, lokacin haƙar zinariya a Kalifoniya, yawancinsu kuwa daga yankin Kanton ne a kudancin Sin. Waɗanda suka buɗe shagunan Ingila tsakanin 1950 da 1970 sun fito ne daga ƙauyukan Hong Kong. Da yawansu manoman shinkafa ne da shinkafar waje mai araha ta kashe musu kasuwa.

Ɗaya daga cikin abincin da suka fi sayarwa shi ne kaza mai zaƙi da tsami. Ya kamata matan ƙungiyoyinmu su san dabarar yinta, gama da ita naman kaza ɗaya ya kan ishi mutum shida ko bakwai, suyar kuma ba ta daɗewa a kan wuta. Duk wadda ke tafiya mai nisa neman itace ta san amfanin wannan.

Sinawa suna suya a wani kaskon ƙarfe marar kauri, mai zurfi a tsakiya, wanda suke kira wok. Yana yin zafi da sauri ƙwarai. Kaskon tuyar ƙosai na ƙarfe zai yi aikin. Amma aikin gaske kafin a hura wuta ake yinsa. A zare naman daga ƙashi, misalin rabin kilo, a yanka ƙanana kamar ɓarin goro, duka girma ɗaya domin su nuna tare. A zuba farin ƙwai ɗaya, da gishiri kaɗan, da babban cokali biyu na sitacin masara ko na rogo, watau na ci, ba wanda ake sa wa tufafi ba. A cuɗa, a rufe, a bari minti ashirin. Sitacin nan ya kan zama kamar riga a jikin naman, ya tsare shi daga zafin kasko, shi ya sa cikinsa ke fitowa da taushi.

Sa'an nan a haɗa ruwan miyar a kofi tun da wuri: sukari babban cokali biyu, ruwan lemun tsami cokali uku, tumatirin gwangwani cokali ɗaya, ruwa rabin gwangwanin madara, da ƙaramin cokali ɗaya na sitaci. Sinawa su kan ƙara wani baƙin ruwa mai gishiri da ake yi da waken soya da alkama, a bar su su ruɓa watanni. Ɗan'uwan daddawa ne, kuma ana samunsa a kwalba a manyan kantunan birni. In akwai shi a sa cokali biyu. In babu, daddawa kaɗan da aka daka a jiƙa a tace za ta ba da ɗanɗano mai kyau, ko da yake ba ɗaya ba ne. A yanka albasa biyu, tattasai, karas da kabeji, a daddaka ɗanyar citta da tafarnuwa. Citta dai ba baƙuwa ba ce, tun da ta Kaciya har ƙasashen waje ake kai ta.

Yanzu a ɗora kasko a kan wuta mai ƙarfi, a zuba man gyaɗa cokali huɗu. In ya soma hayaƙi kaɗan, a zuba rabin naman, a bar shi minti ɗaya ya kama, sa'an nan a yi ta juyawa har minti uku ko huɗu. A kwashe, a soya sauran. Nan ne masu gaggawa ke ɓata girki. In aka juye naman duka lokaci guda, kaskon zai huce, naman ya fid da ruwa, sai ya dahu ya yi tauri maimakon ya soyu. A tsaga babbar tsoka ɗaya a duba, kada a ga ja ko jini a ciki. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama kuma a wanke su da sabulu kafin su taɓa ganye, gama ɗanyar kaza ta kan kawo zawo da zazzaɓi.

A cikin man da ya rage a soya citta da tafarnuwa na ɗan lokaci, kada su ƙone, a bi da kayan lambu minti biyu. Su ɗan yi ƙaras-ƙaras a baki, haka Sinawa ke son su. A mai da naman, a motsa ruwan miyar gama sitaci ya kan kwanta a ƙasa, a zuba. Cikin minti ɗaya za ta yi kauri ta yi sheƙi. A sauke a ci da dafaffiyar shinkafa tun da zafinta. Da tuwo kam ba ta tafiya sosai.

Ba kowace kaza ce ta dace ba. Kazar gidan gona mai sati takwas, ko matashin zakara, su ne daidai. Tsohuwar kaza da ta daina ƙwai sai doguwar dahuwa, a bar ta ga farfesu. Ƙasusuwa da wuya da ƙafafun da aka ware kuwa a tafasa su da albasa, romon ya shiga miyar dare.