Matasan da ke gadin daskararriyar ƙasa, da yaƙin da ya shiga tsakaninsu

A can arewacin duniya, daga Saiberiya zuwa Alaska da arewacin Kanada, akwai ƙasar da ko bazara ta zo cikinta ba ya narkewa. Masana na kiranta daskararriyar ƙasa idan ta yi aƙalla shekara biyu a jere zafinta bai haura sifili ba a ma'aunin Selshiyos. Wata ta yi dubban shekaru a haka, a wasu sassan Yakutiya ma kaurinta ya wuce kilomita ɗaya.

Na san mai karatu da ke fama da zafin Maris zai ce, to mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne abin da ke binne a ciki. Ragowar tsirrai da dabbobin da sanyi ya hana ruɓewa na ɗauke da kabon kusan tan biliyan 1,500, wajen ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya yau. Idan ƙasar ta narke sai su fara ruɓewa, iskar da ke ɗumama duniya ta fita. Zafin da za ta ƙara kuwa bai san iyakar Rasha ba, har Tamale da Marwa sai an ji shi.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne masu aunawar. Aikin na haƙuri ne: a haƙa rami mai zurfi, a zura na'urar auna zafi, a riƙa komawa duk shekara. A ƙarshen bazara kuma a soka sandar ƙarfe a ga iya zurfin da saman ƙasar ya narke. Kafin lambobin su faɗi wani abu mai ma'ana sai an tara na shekara ashirin ko talatin. Ga shi kuma da yawa daga masu sokar sandar ɗalibai ne, digirin digirgir ɗinsu shekara uku ko huɗu ne, daga nan sai kwantiragin shekara biyu, in an samu. Wani shi kaɗai ne mai wannan fanni a jami'arsa kaf. Kuɗin jirgi mai saukar ungulu zuwa wurin aiki kuwa, ba aljihun ɗalibi ba ne.

Wannan giɓi ne ya sa a 2005 aka kafa PYRN, ƙungiyar matasan masu binciken daskararriyar ƙasa, a ƙarƙashin babbar ƙungiyar fannin ta duniya, IPA, wadda ita aka kafa a 1983. Matasan ne da kansu ke tafiyar da ita. Suna yaɗa labarin guraben aiki da na karatu, suna shirya bita a gefen manyan taruka, ana ba da kyauta ga wanda ya fi iya gabatar da bincikensa, wani lokaci a taimaka da kuɗin tafiya. Babban taron fannin an fara shi a 1963 a Jami'ar Fadiyu ta Amurka. Daga baya ya je Feyabanks a 2008, Salekad ta Rasha a 2012, Fotsdam ta Jamus a 2016, sai Waithos ta Kanada a 2024.

Wani zai raina wannan, ya ce ai shan shayi ne da musayar lambar waya. A ganina ba haka ba ne. Zumunta a ƙafa take. Ɗalibar da ta zauna benci ɗaya da wani ɗan Yakutsk a bita, ita ce bayan shekara goma za ta iya tambayarsa me ramin kaza ya nuna bana, ya ba ta amsa ba tare da wasiƙar ma'aikata ba.

Sai ga Fabrairun 2022, Rasha ta afka wa Yukiren. Kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Rasha daskararriyar ƙasa ce, don haka ba a iya lissafin duniya ba tare da ita ba. A watan Maris sauran ƙasashe bakwai na Majalisar Atik suka dakatar da aiki da ita, Jamus kuma ta tsayar da haɗin gwiwar kimiyya da hukumomin Rasha. Abin ya taɓa tsibirin Samoilof a bakin kogin Lena, inda Jamusawa da Rashawa suka kasance suna aiki tare tun 1998. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta wallafa a Janairun 2024 ya nuna cewa cire tashoshin Rasha daga lissafi na karkatar da hoton da ake samu na sauyin yankin.

Tsohon farfesa yana da suna, yana da bayanan da ya tara. Wanda ya ji jiki shi ne ɗalibin da ya ɗora kundinsa a kan Lena, dole ya koma Alaska ko Kanada, ko ya haƙura da hotunan tauraron ɗan'adam. Tauraro yana ganin ƙasa ta lotsa, yana ganin sabon tafki, amma ba zai gaya maka zafin da ke mita ashirin a ƙarƙashi ba. Takwaransa na Rasha shi ma ya rasa kayan aiki da tarukan da zai nuna kansa.

Ita kuwa ƙasar ba ta jira sulhu ba. Tun a 2016 cutar antiraks ta ɓulla a Yamal lokacin wani matsanancin zafi, ta kashe barewar gida sama da 2,000 da wani yaro, masana da dama suka danganta ta da narkewar ƙasa. A 2023 Rasha ta fara haƙa ramukan sa ido nata na ƙasa baki ɗaya. Ranar da za a so haɗa lambobinsu da na Alaska da Kanada a tebur ɗaya, waɗanda za su zauna su daidaita ma'aunan su ne ɗaliban da suka san juna a Salekad da Fotsdam, in har ba su bar fannin ba kafin lokacin.