Gidajen kula da tsofaffi: wa zai biya diyyar sakaci?

A ƙasar Amurka, tsoho ko tsohuwa da ƙarfi ya ƙare, sau da yawa ba a hannun ƴaƴa suke ƙarasa kwanakinsu ba. Akwai gidaje na musamman inda ake ajiye su, ana ciyar da su, ana yi musu wanka da magani. Mafi yawan gidajen nan na ƴan kasuwa ne, gwamnati kuma ita ke biyan babban rabo na kuɗin. Idan ma'aikata suka yi ƙaranci, sai sakaci ya shigo: tsoho ya daɗe kwance ba a juya shi ba har gyambo ya fito masa, ko ya faɗi ya karye, ko ƙishirwa ta galabaita shi.

Dangi suna da ikon kai ƙara gaban alƙali. Amma cin shari'a daban, karɓar diyya daban. Masu gidajen da yawa sukan raba dukiyarsu: gini na wani kamfani, aikin kula da tsofaffi na wani kamfani wanda bai mallaki kome ba. Ranar biya, sai a tarar da asusu wayam.

Maganin da aka kawo shi ne inshora, wadda masu motoci suka sani da sunan asirans. Mai gida yana zuba kuɗi kowace shekara, in laifi ya tabbata kamfanin inshora ya biya wanda aka cuta. A shekarar 1987 gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa babbar doka kan haƙƙin mazauna gidajen nan, amma maganar inshora an bar ta ga jihohi, kowace da tsarinta.

Jihar Fulorida, mai tsofaffi da yawa, ta ɗauki matakinta a shekarar 2001. A lokacin ƙararraki sun yawaita, kuɗin inshora ya hau, wasu kamfanonin inshora ma sun janye daga jihar. Majalisa ta wajabta wa kowane gida ya riƙe inshora, ta kuma ƙara yawan awoyin da ma'aikata za su yi a kan kowane tsoho. Sai dai dokar ba ta faɗi mafi ƙarancin kuɗin da inshorar za ta ɗauka ba. Wasu masu gidaje suka sayi ƴar ƙarama mai arha, suka nuna takarda, suka fita laifi. Irin wannan inshora, ladan lauyoyi kaɗai kan cinye ta kafin dangi su ga ko dala.

A watan Satumba na 2017, guguwar Irma ta katse wutar lantarkin na'urar sanyaya ɗakuna a wani gidan tsofaffi na garin Holiwud cikin jihar. Zafi ya rufe mazauna gidan kwana da kwanaki, alhali asibiti yana daf da su. Masu bincike sun tabbatar mutum 12 zafin ne ya kashe su. Hukuma ta rufe gidan, kuma a 2018 aka wajabta wa gidajen tsofaffi ajiye injin lantarki.

Faransa ta bi wata hanya. Dokar 4 ga Maris 2002 ta wajabta inshora ga likitoci masu zaman kansu da wuraren da ake jinya, ta kuma tanadi tarar yuro 45.000, wato kusan miliyan 30 na kuɗin sefa, ga wanda ya ƙi.

Masu gidaje suna kukan cewa inshora mai nauyi za ta ci kuɗin abinci da albashi, har ƙananan gidaje su rufe. Masu kare tsofaffi kuwa suna amsa cewa kamfanin da zai biya diyya mai yawa, dole ya sa ido: gidan da ke da sakaci a tsawwala masa, mai kula a sauƙaƙa masa. Darasin Fulorida ga masu tsara doka shi ne, tilas ba tare da adadi ba, takarda ce kawai. Sai an faɗi nawa, an kuma sa mai dubawa, sannan tsohon da aka cuta zai samu haƙƙinsa.