Lissafin Igiyoyin da ke Ɗauke da Manyan Na'urorin Hangen Sararin Samaniya

Duk igiyar da aka ɗaure tsakanin dirkoki biyu, kome ƙarfin jan da aka yi mata, sai ta yi ciki. Wannan lanƙwasa, wadda ido ke rainawa, ita ce tushen lissafin da injiniyoyi ke dogara da shi wajen gina manyan na'urorin hangen sararin samaniya. A shekarar 1638 Galileo ya kwatanta ta da hanyar da dutse ke bi idan an jefa shi. Sai a 1691 ne Huygens da Leibniz da Johann Bernoulli suka fito da ainihin ƙa'idarta.

Ƙa'idar, idan cikin igiya bai yi zurfi ba, mai sauƙi ce. A ɗauki nauyin mita ɗaya na igiyar, a ninka shi da tazarar dirkokin, a sake ninkawa da tazarar, sa'an nan a raba da zurfin cikin sau takwas. Abin da ya fito shi ne ƙarfin jan. Alal misali, igiya mai nauyin kilo 30 a kowace mita, a tazarar mita 200, idan ta yi cikin mita 10, tana jan dirkokinta da ƙarfin tan 15. In aka ɗame ta har cikin ya koma mita 5, sai jan ya zama tan 30. Watau miƙewar igiya ba kyauta ba ce, dirka ce ke biyan kuɗinta. Bugu da ƙari, ƙarfe yana ƙara tsawo da zafi: igiyar nan ta mita 200 takan ƙaru da wajen santimita 2.4 idan zafi ya hau da digiri 10.

Na'urar Aresibo ta tsibirin Porto Riko, wadda aka buɗe a 1963, ta kasance tana da kasko mai faɗin mita 305. A samansa, kimanin mita 150, an rataye dandali da igiyoyin ƙarfe daga hasumiyoyi uku, nauyinsa kuwa ya kai wajen tan 900 bayan ƙarin kayan da aka kammala a 1997. Ran 10 ga Agusta 2020 wata igiya ta zare daga mazauninta. Ran 6 ga Nuwamba wata babba ta tsinke, alhali nauyin da ke kanta bai wuce kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta za ta jure ba. Ran 1 ga Disamba dandalin ya rufto.

To, ina lissafi ya gaza? Bincike ya nuna cewa ƙarfen tutiya da aka narka aka zuba a mazaunan don ya riƙe bakin wayoyin ya yi ta saki sannu a hankali, shekara da shekaru. Lissafin ya auna nauyi daidai, amma bai ba wa wannan sakin muhimmancin da ya kamata ba.

A lardin Guizhou na ƙasar Sin kuwa, na'urar FAST mai faɗin mita 500, wadda aka gama a 2016, ta ɗora wa igiya aikin da ya fi wannan. Kaskonta yana zaune bisa ragar igiyoyi 6,670, injuna 2,225 na jan ragar daga ƙasa suna sauya siffarta gwargwadon inda ake duba. Ɗakin karɓar saƙo mai nauyin tan 30 yana rataye da igiyoyi shida daga hasumiyoyi shida, ana kuma saita makarɓin da ke cikinsa har kuskuren kada ya wuce santimita guda. Da yake ja da saki yana gajiyar da ƙarfe, sai da aka ƙera igiyoyin da za su jure shi sau miliyan 2.

Saboda haka wajibi ne mai wannan lissafi ya riƙa gwada shi da awon igiyar kanta, muddin tana ɗauke da kaya, yana gyara shi duk lokacin da suka saɓa.