Yadda Ake Mayar Da Alƙaluma Su Zama Zane A Shafin Intanet

Tun cikin shekarar 1786 wani mutumin Sikotilan mai suna William Playfair ya lura cewa ido ya fi saurin gane zane bisa ga dogon jerin alƙaluma, sai ya buga littafi inda ya nuna cinikin ƙasashe da layuka da ginshiƙai. Aikin da ya sha wahalarsa da alƙalami da tawada, yau mai haɗa shafin intanet yana iya gama shi kafin shayi ya huce, albarkacin wasu manhajoji da aka riga aka rubuta aka ajiye domin kowa.

Daga cikinsu wadda ta fi dacewa da ɗan koyo ita ce Chart.js, wadda Nick Downie ya fitar a 2013, kyauta kuma ake samunta. Akwai D3 ta Mike Bostock, ta 2011, wadda ta fi ta iko nesa ba kusa ba, amma fa sai wanda ya ƙware.

Farawa ba wuya. Mutum zai rubuta layi guda cikin shafinsa na HTML wanda zai kirawo manhajar, sa'an nan ya keɓe fili, watau allon da za a yi zanen a kai. Daga nan sai ya faɗa mata da harshen JavaScript irin zanen da yake so, ko na ginshiƙai, ko na layi, ko na da'ira mai yanka-yanka, ya ba ta sunaye, misali watannin shekara, tare da adadin kowanne. Aune-aune da launi da daidaita zanen da fuskar waya, duk ita za ta yi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Manhaja ba ta san gaskiya ba, abin da aka ba ta shi take zanawa. A ce farashin wani kaya ya tashi daga naira 95 zuwa 100. Idan aka fara ma'aunin gefe daga 90, ginshiƙi na biyu zai ninka na farko tsawo, mai kallo ya ɗauka farashi ya ninka, alhali ƙarin bai taka kara ya karya ba. Sababbin fitowar Chart.js kan fara ginshiƙai daga sifiri da kansu, amma zanen layi ba haka yake ba, sai mai aikin ya umarce ta. Ga wanda zai nuna wa jama'a kasafin kuɗi ko sakamakon zaɓe, wannan ba ƙaramar amana ba ce.

Wani abin da akan manta shi ne makafi. Na'urar da ke karanta musu shafi ba ta ganin abin da ke cikin allon, saboda haka wajibi ne a rubuta alƙaluman da kalmomi a kusa da zanen.