Kaka Ta Zo, Mu Lura da Allurar Kakanninmu

Ya ku ƴan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi bayani a kan ɗinkin da tsofaffinmu ke yi, da abin da yake nuna mana game da lafiyarsu.

A nan Damagaram, in watan Oktoba ya kama, kaka ta kankama ke nan. An yanke hatsi, ana kai dammuna rumbu, ana roron wake, ana cirar gujiya, yara na gasa tumu. Masu ƙarfi duk suna gona, gida sai tsofaffi da jarirai. Da aikin ya lafa sai bukukuwan aure su taso, don lokacin ne manomi ke da abin hannu. Shi ya sa allura ba ta hutawa: ango na neman hula, abokansa na son riga, uwar amarya na saƙa abin adon ɗaki.

Ɗinkin hannu aikin ido ne da haƙuri. Sai an zana fasalin a kan farin ƙyalle, sannan a bi zanen da zare kala-kala, hula ɗaya ta ci makonni. Haka babbar riga mai aska biyu ko aska takwas, wadda tun da can malamai da almajirai suka shahara da zana ta da ɗinka ta. Wanda ya yi shekara arba'in yana wannan aiki, in ya fara kuskure, akwai dalili.

Bara da kaka, kakata ta wajen uba ta fara kirana kullum: "Ke kishiya, zo ki zura mini zaren nan." Ni na ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika. Sai ranar da aka dawo mata da wata hula, wai ta haɗa baƙin zare da shuɗi a wuri guda. Ba ta ce komai ba, ta naɗe kayanta ta sa ƙarƙashin gado, ta ce ta gaji da ɗinki. Alhali da kuɗin hular nan take sayen goronta, take yin bikinta ba ta roƙi kowa ba. Da Baba ya kai ta wajen likitan ido, aka ce yana ce.

Ga abin da na fahimta tun daga lokacin, matsalolin iri uku ne.

Na farko, daga wajen shekara 40 ido kan rage ganin abin da ke kusa. Za ku ga mutum na miƙa allura ko littafi nesa da fuskarsa kafin ya gani. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, kuma tabarau na karatu ya isa, in an auna ido.

Na biyu, yanar ido. A cikin ido akwai wata ƙwaya garai-garai da haske ke ratsawa. Da tsufa sai ta dishe, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo, launuka su kashe, hasken rana ya dame shi. Ita ce ta fi kowace cuta makantar da mutane a duniya, amma tana da magani: likita ya cire ƙwayar da ta dishe ya sa ta roba a gurbinta. Aikin ba ya cika awa ɗaya, kuma ba a sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa.

Na uku sun fi haɗari don ba su da ƙara: hawan jinin ido, da ɓarnar da ciwon suga ke yi a can cikin ido. Ganin da suka ɗauke da wuya ya dawo, na hawan jinin ido kam ba ya dawowa. Awo ne kaɗai ke tona su da wuri.

Hannu ma yana ba da labari. In yatsu ko tafin ƙafa na yawan mutuwa, a auna suga. In kuwa allura ta suɓuce farat ɗaya, hannu ɗaya ya yi nauyi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, to kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti nan take, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Hawan jini, wanda muke cewa tansiyo, shi ne babban mai jawo ta, kuma in awo na kai 140 bisa 90 a kai a kai, sai an ga likita.

Don Allah mu guji abu biyu: ɗiga ruwan ganye ko maganin masu talla a ido, da kai tsoho wajen masu ture yana da tsinke. Da yawa sun rasa idon gaba ɗaya ta haka.

Mu ɗalibai ma muna da aikin yi. Mu shimfiɗa musu tabarma inda haske yake, mu hana su ɗinki da almuru. Mu zura musu allura biyar ko shida kafin mu fito makaranta. Mu tuna wa iyayenmu, cikin ladabi, cewa yanzu da rumbu ke cike ya fi sauƙi a ware kuɗin awo, tun kafin hunturu ya zo da ƙura da sanyin ƙashi. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya yi umarni da kyautata wa iyaye in tsufa ya riske su, kuma lura da lafiyarsu na cikin kyautatawa.

An yi wa kakata ido ɗaya, saura ɗayan. Bana ta ɗauko kayanta daga ƙarƙashin gado, hular farko ta ce ta Baba ce. Har yanzu ni nake zura mata zare, sai dai yanzu ita ke nuna mini inda na karkace a nawa ɗinkin.

Allah Ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, Ya ba mu ikon yi musu hidima, amin.